Shekara ɗaya da rabi a wata cibiyar gashin ƙashi ta yara a Kano

Autarmu bakwaini ce. Ta shafe makonni a cikin kwalba a asibiti kafin a sallame mu, kuma ranar da muka dawo da ita gida mun ɗauka cewa wahalar ta ƙare ke nan. Sai da ta cika shekara ba ta iya zama ita kaɗai ba, idan kuma aka ɗaga ta tsaye ƙafafunta su sanƙare su harɗe kamar almakashi, sannan muka koma wurin likitan yara. Shi ne ya gaya mana cewa tana da lalurar da suke taƙaita sunanta da CP, wato rauni a ƙwaƙwalwa da ke samun yaro tun yana ciki, ko lokacin haihuwa, ko a farkon rayuwarsa, wanda ke hana gaɓoɓi bin umarnin ƙwaƙwalwa yadda ya kamata. Raunin ba ya ƙaruwa kuma ba ya warkewa. Abin da ke canzawa shi ne abin da yaro ya koyi yi da jikin da Allah Ya ba shi. Daga baya na gane cewa mun yi jinkiri, domin binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, wanda aka yi a kan yara a Ghana da Indiya da Norway da Oman da Amurka, ya nuna cewa kusan duk yaro mai lafiya yana zama shi kaɗai tsakanin wata 4 zuwa wata 9, yana kuma takawa shi kaɗai kafin ya cika wata 18.

Shekara biyu muka yi muna kai gwauro muna kai mari. Mun sha shawarwari iri-iri daga dangi da maƙwabta, mun shafa man da aka ce a shafa, mun ji waɗanda suka raɗa cewa 'yar ruwa ce, maganar da har yau mahaifiyarta ba ta manta da zafinta ba. Mun kuma yi jeka-ka-dawo a sashen gashin ƙashi na wani asibitin gwamnati, inda ma'aikatan suka san aikinsu amma yawan jama'a ya sa ba a samun layi sai bayan makonni. A can ne wata uwa ta kwatanta mana wannan cibiya mai zaman kanta, muka fara zuwa lokacin da yarinyar take da shekara 3 da rabi. Yanzu ta cika 5. Ba zan ambaci sunan wurin ba, domin zan faɗi kurakuransa tare da alherinsa, kuma irin waɗannan ƙananan cibiyoyi sun fara yawa a cikin birni, saboda haka ina fatan abin da na gani zai taimaki iyaye wajen auna kowacce daga cikinsu.

Wurin gida ne na haya da aka mayar asibiti. Falon shi ne ɗakin aiki, an shimfiɗe shi da katifun roba masu tauri, akwai babban madubi a bango, da ƙatuwar ƙwallo, da sandunan ƙarfe biyu da yaro ke dafawa yana tafiya a tsakaninsu, da 'yar matakalar katako mai hawa uku. Ba a shiga da takalmi, kuma ina shaida cewa ana goge katifun tsakanin yaro da yaro. Lasisin shugabar wurin na hukumar MRTB, wadda ke yi wa masu wannan sana'a rajista a Najeriya, yana rataye inda kowa zai gani, abin da ya kamata kowane uba ya nema kafin ya miƙa ɗansa ga wani.

Kalmar gashi ita ce ta fara ruɗa mu. Mun je ne da tunanin za a kunna fitila mai zafi a gasa ƙafafun, ko a maƙala mata na'urar lantarki, ko a yi ta tausa har jijiyoyin su saki. A ranar farko babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka yi. Ma'aikaciyar, wadda yara ke kira Anti, ta zauna a ƙasa ta ajiye wani kwano mai murfi ɗan nesa da yarinyar, ta yi shiru tana kallon yadda za ta kai gare shi: yadda ta mirgina, yadda ta ja ciki, wane hannu ta fara miƙawa, da yadda ta zauna da ƙafafu a lanƙwashe baya, gwiwoyi a gaba, ɗuwawu a tsakani. Ta yi kusan rabin sa'a a haka kafin ta taɓa ta. Sannan ta juyo ta tambaye mu abin da muke so yarinyar ta iya yi nan da wata uku. Mahaifiyarta ta ce, "Likita, mu dai ta yi tafiya." Sai ta amsa da cewa, "Maman Auta, tafiya tana gaba, in sha Allahu za mu nufe ta. Amma ki gaya mini abin da ya fi wahalar da ke jiya da shekaranjiya." Mahaifiyar ta yi jim, ta ce cin abinci, domin idan aka zaunar da ita sai ta tokare ƙasa da hannu biyu don kada ta faɗi, saboda haka dole a ba ta a baki. Wannan ne ya zama burinmu na farko, aka rubuta shi a fayil: ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno, tafin ƙafa a ƙasa, ta ci abinci da hannunta har ta gama.

A wannan zaman ne kuma aka gaya mana gaskiyar da babu wanda ya taɓa gaya mana a fili. Akwai ma'aunin da masu bincike a Kanada suka fitar a 1997, wanda ya kasa yara masu wannan lalura mataki 5 gwargwadon motsinsu. Na mataki na 1 yana tafiya ba tare da wata matsala ta a-zo-a-gani ba, na 2 yana tafiya amma sai ya dafa idan zai hau bene kuma doguwar hanya tana gajiyar da shi, na 3 yana tafiya da abin dafawa, na 4 ya fi dogara da keken da ake zama a ciki, na 5 kuwa ko riƙe wuya yana yi masa wuya. Anti ta ce 'yarmu tana mataki na 3, kuma yawancin yara ba sa barin matakin da suke a kai, saboda haka mu sa ran za ta yi tafiya da abin dafawa a gida da makaranta, doguwar tafiya kuma wataƙila sai da keke. Na fita ranar zuciyata a cunkushe. Amma a yau ina ganin wannan maganar ita ce abu mafi daraja da na saya da kuɗina a wurin, domin duk waɗanda suka karɓi kuɗinmu kafin nan alƙawarin gudu da tsalle suka yi mana, kuma alƙawarin ne ya sa muke ganin kowane ɗan ci gaba kamar ba komai ba.

Tsarin aikinsu zama biyu ne a mako, kowanne minti 45, kuma sharaɗi ne wanda ya kawo yaro ya shiga ya zauna a kan katifa, ba ya tsaya a waje yana danna waya ba. Da na nemi a ɗauke mini wannan a ranar Asabar ɗin da nake kai ta, sai Anti ta ce mini, "Malam, ni sa'a ɗaya da rabi nake ganinta a mako, ku kuwa kullum tana hannunku. Idan ban koya muku ba, kuɗinku kawai nake ci." Tun daga nan duk abin da ta yi sai ta sa na maimaita a gabanta, ta gyara mini inda zan ɗora hannu. Ta nuna mini cewa idan na riƙe yarinyar a hammata ni ne ke yin aikin, idan kuwa na riƙe ta a ƙugu to bayanta da cikinta ne ke yi. Ta hana mu barinta ta daɗe a wancan zama na ƙafafu a baya, ta kuma sa muka ajiye keken nan mai zagaye da ake zura jariri a ciki, wanda kakarta ta saya mata da kyakkyawar niyya, domin yana ƙara mata tsayuwa a kan yatsu, agara kuma tana ƙara ɗaurewa.

Daga baya na karanta cewa wannan hanya ba ra'ayin mutum ɗaya ba ce. Farfesa Iona Novak ta Ostireliya da abokan aikinta sun tattara binciken da aka yi a kan magungunan wannan lalura, suka fitar a 2013 suka kuma sabunta a 2020, inda suka raba su kamar fitilar danja: kore, ruwan ɗorawa da ja. Daga cikin waɗanda suka sami koriyar fitila akwai horon da aka gina a kan wani buri takamaimai, da atisayen da iyaye ke yi a gida bisa jagorancin ƙwararre, da horar da hannu biyu su yi aiki tare. Dalilin kuwa a fili yake ga duk wanda ya taɓa koyon sana'a. Ƙwaƙwalwa tana koyon abin da ta yi da kanta ta maimaita, ba abin da aka yi mata ba. Yaron da aka kwantar ana ta miƙe masa ƙafa bai koyi tashi ba, wanda kuwa ya tashi sau ashirin don ya ɗauko abin da ransa ke so ya koya.

Inda cibiyar ta fi burge ni shi ne aikin hannu, watakila saboda nan ne idona ya fi ganin canji. Akwai wani matashi da ke zuwa ranar Talata kawai, wanda fanninsa shi ne koya wa yara hidimar kansu, kuma kusan duk kayan aikinsa daga tsakar gida suke. Yana sa ta tsince wake daga cikin shinkafa da babban yatsa da manuni, ta matse maƙalan shanya ta jera su a bakin kwano, ta murɗa murfin gora, ta cuɗa kwaɓaɓɓiyar fulawa, ta tsiyaya ruwa daga buta zuwa kofi, ta zura manyan duwatsun carbi a igiyar takalmi. Ya gargaɗe mu cewa kada a bar ta da ƙananan abubuwan nan ba babba a kusa, don gudun ta kai baki. Cokalinta ya naɗe wa mariƙi tsumma ya ɗaure da roba har ya yi kauri ya cika mata hannu, haka ya yi wa fensir. Ya bayyana mana cewa yatsu ba sa samun natsuwa sai kafaɗa ta tsaya, kafaɗa kuma ba ta tsayawa sai gangar jiki ta zauna daram, shi ya sa kafin ya ba ta fensir sai ya tabbatar tafin ƙafarta na ƙasa, gwiwar hannunta kuma na kan tebur.

Wata uku bai isa burin farko ba, sai da muka shiga na biyar. Ina tuna daren. Tuwon shinkafa ne da miyar kuka, tana zaune a kan kujerarta an jingina ta da bango, kwanon yana kan wani ɗan benci a gabanta. Ta gutsuro tuwon, hannun ya yi rawa, rabi ya zube a kan zaninta, ta kai sauran baki. Yayarta ta miƙa hannu za ta taimaka, sai ta ture hannun ta ce, "Ni zan ci." Ta ɗauki kusan minti 40 kafin ta gama, miya har goshi, mahaifiyarta kuwa ta juya baya tana share ido da bakin mayafi. Ban san yadda zan sa wa wannan farashi ba, kuma duk kuskuren da zan ambata a ƙasa ina faɗarsa ne ina tune da wannan dare.

Batun makaranta ma sun taka rawar gani. Da muka sa ta a ajin share fage na wata makaranta kusa da gida, shugabar cibiyar ta rubuta wa malamar ajin takarda mai shafi ɗaya, ba da turancin likitoci ba, tana neman abubuwa masu sauƙi: a zaunar da ita a gaba kusa da ƙofa, a sa mata katako ƙarƙashin ƙafa tunda bencin ya yi mata tsawo, a ba ta allo mai ɗan jingine maimakon littafi a kwance, a ƙara mata lokaci idan ana rubutu, kuma kada a bar ta a aji ita kaɗai idan sauran sun fita wasa. Malamar ta karɓa hannu biyu. Yarinyar da ake zaton ba ta ganewa ashe bencin ne ya hana ta sakin hannu ta rubuta. Ma'aikatan cibiyar ne kuma suka matsa mana mu je a ɗauki hoton ƙashin ƙugunta a kai wa likitan ƙashi, domin yara masu wannan lalura kan cinyarsu na iya zamewa daga gurbinsa a hankali ba tare da an lura ba, kuma suka tura mu asibitin ƙashi na Dala aka auna mata takalmin roba mai riƙe idon sawu. Na yaba da cewa ba su yi ƙoƙarin riƙe komai a hannunsu ba.

Yanzu ga inda suka gaza. Ƙofar shiga cibiyar tana da matakala uku, babu gangaren da keke zai bi. Na sha ganin uwa ta goyo yaro ɗan shekara 9 ko 10, ƙafafunsa na jan ƙasa, tana haki kafin ta hau, wani kuma ya bi ta da keken a hannu. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga, wa'adin kuma ya cika tun farkon 2024. Ko babu doka, wurin da aka buɗe domin waɗannan yara shi ya kamata ya fara. An ce mai gidan ne bai yarda a fasa ba, amma gangaren katako da ake ɗorawa a ɗauke ba ya buƙatar izinin kowa. Banɗakin ma na tsugunno ne, babu abin dafawa, alhali kuwa koyon shiga banɗaki yana cikin abin da suke koyarwa.

Abu na biyu ya fi wannan ciwo. Bayan wata goma ma'aikaciyar da ta saba da 'yarmu ta sami aiki a wani wuri ta tafi, ba a sanar da mu ba sai da muka zo muka tarar da baƙuwar fuska. Kusan wata biyu aka yi ana miƙa mu daga hannu zuwa hannu, yawanci masu neman ƙwarewa, wasu ba su ko buɗe fayil ɗin ba. Ɗaya daga cikinsu ya kwantar da ita ya yi ta miƙe mata ƙafa tana kuka, ya sallame mu bayan minti 25, aka kuma karɓi kuɗin zama cikakke. A wannan tsakanin yarinyar ta fara ƙin zuwa, da ta ga mun doshi layin sai ta ƙanƙame ni. Da na kai ƙara wurin shugabar ta saurare ni, ta ba da haƙuri, ta ɗauki yarinyar da kanta har aka sami wadda ta zauna. Na gamsu da gyaran, amma bai kamata sai uba ya ɗaga murya ba, domin akwai iyaye da yawa da nauyin baki ko ganin girman likita ba zai bar su su yi magana ba.

Takardar atisayen gida da suke bayarwa da Turanci take, da hotunan yaran Turawa a kan kayan da babu su a gidajenmu. Yawancin matan da ke zama a kan katifun nan Hausa suke karantawa, wasu ma sai dai a karanta musu. Mu mun warware matsalar ta hanyar ɗaukar bidiyo da waya lokacin da ake nuna mana, kuma ina ba kowa shawarar ya nemi izini ya yi haka, amma fassara shafi huɗu ba aiki ne da zai gagari cibiyar da ke tsakiyar Kano ba. Babu kuma mai koyar da magana da haɗiya, ga shi yara da dama a wurin suna dalalar da miyau ko suna ƙwarewa idan suna cin abinci. Sannan falo ɗaya ne ga kowa, saboda haka duk abin da aka gaya maka game da ɗanka kunnen maƙwabcinka ya ji.

Kayan da suke haɗa mutum da masu ƙerawa sai a yi hattara. Katakon tsayuwa da kafintansu ya yi mana, wanda ake ɗaure yaro a ciki ya tsaya ƙafafunsa su ɗauki nauyinsa, ya yi kyau ƙwarai, an bi awo, an sa soso inda gwiwa ke tokara, kuɗinsa kuma bai kai kusa da na wanda ake shigowa da shi daga waje ba. Keken koyon tafiya na ƙarfe da mai walda ya yi kuwa ya yi mata nauyi, ba a iya ƙara masa tsawo, wani gefen ma sai da na kai aka goge shi don yana yankar hannu. Cikin wata bakwai ta girme shi. Duk wanda zai ba da aikin irinsa ya dage a yi masa ƙafafu masu ramuka da za a riƙa ɗagawa, kuma kada ya biya sauran kuɗi sai an gwada yaron a gaban ma'aikaciyar.

Kuɗin wurin ba na kowa ba ne. Abin da muke biya a zama ɗaya ya kai cefanen gidanmu na kwana biyu, ban da kuɗin A Daidaita Sahu zuwa da dawowa, wanda ya yi tashin gwauron zabo tun da aka cire tallafin man fetur a 2023. Na san iyayen da suka fara da zafi suka daina bayan wata biyu don aljihu ya gaza. Abin da ban sani ba sai da na tambaya shi ne cewa suna yarda a rage zuwa sau biyu a wata, a mayar da zaman ya zama na duba atisayen gida da sabunta shi. Da sun faɗi wannan tun ranar farko, da wasu daga cikin waɗanda suka ɓace suna nan.

A wurinmu kwalliya ta biya kuɗin sabulu, kuma wanda zai iya zama a kan katifa ya koya, ya koma gida ya yi kullum ko da minti 20 ne safe da yamma, zan ce masa ya je. Wanda kuwa yake neman inda zai ajiye yaro a gasa masa shi ya dawo ya ɗauka, zai kashe kuɗinsa ya fita da fushi. A makon jiya muka sabunta biyan wata uku, na kuma roƙi shugabar abu biyu, gangare a bakin ƙofa da takarda da Hausa, ta ce na biyun zai riga na farko. Burin da aka rubuta a fayil wannan karon shi ne yarinyar ta taka da keken koyon tafiya daga ƙofar makaranta zuwa ajinsu ba tare da an ɗauke ta ba. Na auna tazarar da ƙafata ranar Litinin, taku 34 ne, ita kuma a yanzu tana yin 12 kafin ta nemi hutu.